Takalmin da Na Bari a Anacha

Ku matso kusa, ku gyara zama, yau zan faɗe shi gaba ɗaya in huta. Tun da na dawo daga Anacha ba ni da sakat. In na je ɗibar ruwa a tambaye ni, in na je barka a tambaye ni, har wadda ba ta amsa gaisuwata a da, yanzu tsayar da ni take a bakin kasuwa, wai yaya Kudu take. Wasu kuma ba tambaya suke yi ba, sun riga sun gama nasu labarin: wai Kulu ta je ƙasar Ibo sayar da kifi, ta haɗa da kunyarta ta sayar. To ga nawa, daga bakin mai shi. Wanda ya ji ya ga na yi laifi, ya san gidana, ya zo ya faɗa mini a gabana.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Kulu matar Malam Garba masunci, ta nan Yelwa, kusa da bakin ruwa. Bandar kifi na gada wurin Innata. Ni ba mai yawo ba ce. Kafin wagga tafiya iyakata Kontagora, shi ma biki ne ya kai ni, kuma tun ba a watse ba na fara kewar murhuna.

Mu matan unguwarmu masu banda, mai sayenmu ɗaya ne, Alhaji Ɗan Tani dillali. Shi ke kwashe kifinmu ya loda a mota zuwa Kudu. Kun san yadda muke kai masa. Yana zaune kan benci a rumfarsa, mu cire takalmi tun daga nesa, mu tsuguna, mu sunkuyar da kai, hannu cikin mayafi. Ya sa sandarsa ya ɗan juya kifin, ya faɗi abin da zai biya, mu ce Allah ya amfana. Haka na ga Inna tana yi, haka na tashi ina yi. Shekara da shekaru ina sayar wa mutumin nan kifi, amma da za a ce in faɗi yadda idonsa yake, ban sani ba.

Saratu ce ta fara kawo maganar. Maƙwabciyata ce, Bagunga, 'yar ƙabilar Gungawa, daga wajen Ngaski, Kirista, murhunta na jingine da nawa. Ta taɓa zama Lokoja wurin yayanta, tana jin turancin kasuwa. Ita ta jiyo wurin wani direba cewa duk kifinmu hannun mace ɗaya yake ƙarewa a Anacha, ana ce mata Mama Ngozi. Ta ce mi zai hana mu kai mata da kanmu, ta san mu, mu san ta? Mata suka yarda. Kowa ta kawo nata, tarwaɗa, ramboshi, giwan ruwa, har da yaunin da aka kawo wa wata daga Shanga. Da labari ya kai wa Ɗan Tani, sai ya aiko da saƙo: duk macen da kifinta ya shiga wannan lodi, in muka dawo da shi, kada ta ƙara kawo masa ko wutsiya. A cikinmu akwai gwauraye masu marayu, da kifin nan suke ɗora tukunya. Duk da haka ba wadda ta janye kwandonta. Suka ce ni zan je tare da Saratu, don ni ce babba. Malam ya daɗe yana gyaran komarsa ta kamun kifi, sa'an nan ya ce in je, amma in dawo masa yadda na tafi.

Muka shiga babbar mota mai bodin katako, rabi albasa rabi kifi. Direba ya ba mu gidan gaba saboda girmana. Tun ba mu wuce Birnin Yauri ba Saratu ta buɗe mini makaranta. Ta ce can ba a saye wurin wanda ya sunkuyar da kai. In na shiga in tsaya tsaye, in ɗaga haɓa, in dubi mutum cikin ido, in fiddo hannuwana waje a gan su, in an miƙo mini hannu in riƙe da ƙarfi, kada in ba da 'yan yatsu kamar mai jin ƙyama. In zan yi dariya kuma kada in rufe baki. Ta ce in gwada a kanta. Na dube ta, ta dube ni, muka fashe da dariya har direba ya ce ko fura muka sha da ta kwana. Na yi ta gwadawa har wuyana ya ƙage.

Inda ƙasar Kabi ta ƙare ta Neja ta fara, akwai shinge, sanda a kan ganguna. A lokacin ba a daɗe da raba mu da Sakkwato ba, allon bakin hanya ma an shafe tsohon sunan ne da fenti aka rubuta sabo a kai, tsohon yana leƙowa ta ƙasa. Direba ya ce shi dai har yanzu bai ga bambanci ba, ramukan hanya ba su san an canza jiha ba. Wani mai kaki ya zo ya leƙo ta taga. Ni kuwa na ce a raina ga wurin gwaji ya samu. Na ɗaga haɓa, na zuba masa ido, ko ƙiftawa ban yi ba. Ya dube ni, ya dubi direba, ya sake dubana. Ya tambayi direba ko matar nan ta san shi ne, ko kuwa akwai abin da ta ɗauko da take neman rigima a kansa. A sauke kaya.

Aka sauke kwandunanmu a rana. Ɗaya ya fashe, muka bi ƙasa muna tsince. Wasu manyan tarwaɗu biyu suka tafi shan iska ba su dawo ba. Direba bai ƙara yi mini magana ba sai Tegina. Da muka tashi, Saratu ta matso kunnena ta ce:

"Yaya Kulu, mai saye na ce ki kalla. Ban ce ki kalli mai bindiga ba."

Na ce mata ta riƙe karatunta, na gode. Tarbiyyar Innata ba ta taɓa sa an sauke mini kaya ba. Daga nan na mai da hannuwana cikin mayafi, na ƙudurta ba zan sake ba.

A Lokoja muka tsaya cin abinci. Can na ga kogin da ya sanyaya mini rai: ashe Kwara ce, ruwan ƙofar gidanmu, ta riga mu zuwa. Na tsaya ina kallonta kamar na ga 'yar uwa a baƙon wuri. Mai abincin wata ƙatuwar mace ce, tana ganin direbanmu ta taso tana ihu, tana buga cinya, tana nuna shi da ludayi. Na kama hannun Saratu na ce mu koma mota, za a yi faɗa. Ta ce wane faɗa, gaisuwa ce, cewa take ya daɗe bai zo ba. Muka ci soyayyar doya da wani yaji da ya sa na yi hawaye. Mai abincin ta ga haka ta bubbuga bayana, ta ƙaro mini ruwa, tana dariya baki buɗe, duk haƙoranta a waje. Mu nan in mace ta yi irin wannan dariya a gaban maza sai a yi mako ana zancenta. Ita ko a jikinta, kuma rumfarta ce ta fi kowace cika.

Daga nan hanya ta yi ta hawa da sauka, daji ya yi duhu, ƙasa ta koma ja. Na ga mata kan keke, na ga wata kan babur da buhu a baya. Yara kuma in uwarsu na magana fuskarta suke kallo, wanda ya sunkuyar da kai ma shi ake daka wa tsawa, wai bai saurara ba. Muka haye wata doguwar gada ta ƙarfe, a ƙarƙashinta Kwara ce dai har wa yau, sai ga mu cikin Anacha.

Masaukinmu gidan wani fatoma ne, Alhaji Sule, wanda ke saukar da fataken Arewa ya kuma shige musu gaba wurin ciniki. Gidan cike yake da 'yan albasa na Aliero da masu awaki. Aka ba mu ɗakin mata, rufin kwano, ruwan sama na dukansa kamar ana sussuka, sauro kuwa na Yelwa ƙannensu ne. Matar Alhaji Sule ta kawo mana tuwon rogo da suke ce wa akpu. Warinsa ya riga shi shigowa. Na toshe hanci na kai loma, sai na ji miyar da daɗi, na duba ciki, wallahi bandar tarwaɗa ce irin tamu. Na ce wa Saratu ga ɗan gida ya zo gaishe mu. Alhaji Sule mutumin kirki ne, ba zan ci amanarsa ba. Ya ce in kwantar da hankalina, gobe in bar masa magana, ni dai in samu wuri in zauna. Na ji daɗin haka ƙwarai.

Da safe muka shiga kasuwar kifi, masu kura na tura kwandunanmu a gaba. Ban taɓa ganin taron mutane irin wannan ba, kuma kowa sauri yake kamar an biyo shi. Ƙasa duk taɓo. Gaisuwarsu kalma ɗaya ce, sai ciniki. Ba ina gajiya, ba ina gida, ba yaya ruwa.

Rumfar Mama Ngozi babba ce. Tana zaune kan doguwar kujera, ta ɗora ƙafa kan akwati, ɗaurin kanta kamar faifai. Ina hango ta jikina ya yi abin da ya saba, bai shawarce ni ba. Na cire silifas ɗina a bakin rumfa. Na shiga ƙafa ba takalmi, na tsuguna gefe, na sunkuyar da kai, na tura hannuwa cikin mayafi, na fara jero gaisuwa. Ba wanda ya amsa. Can sai na ji an ɗora mini wani abu a ka. Na shafa, gammo ne. Yarinyar shagonta ce ta ɗora mini, tana nuna mini wani kwando da wata mota can nesa. Ashe a kasuwar nan, macen da ta shigo ba takalmi ta tsuguna a gefe, 'yar dako ce ke jiran kaya.

Ina tsugune da gammo a ka, Alhaji Sule na ta magana da turanci, Saratu na raɗa mini abin da ake cewa. Mama Ngozi ta ce tana da mai kawo mata kifin Yauri, kuma ta gaji da kwandunan Yauri, sama kyakkyawa, ƙasa gari da ƙwari. Ba za ta ƙara da baƙo ba sai ta ga mai kayan. Ina mai kayan? Alhaji Sule ya nuna ni. Na ji ta yi wata 'yar dariya, ta faɗi magana gajera. Na juya wurin Saratu. Na ce ta faɗa mini. Ta ce ba komai. Na ce ta faɗa mini don girman Allah.

"Cewa ta yi, wadda ta ɓoye fuskarta ta ɓoye hannunta, ita ta san abin da ta ɓoye a ƙasan kwando."

Matar ta juya ta ci gaba da magana da wani. Alhaji Sule ya ce mu tashi, zai nema mana masu sayen ɗai-ɗai, ko da asara, kafin damshin garin ya lalata kifin. Na miƙe na nufi bakin rumfa in sa takalmina. Babu su. Ko kura ce ta tura su kwata, ko wani ya ga tsuntuwa, oho. Na tsaya cikin taɓo, ƙafa tsirara, gammon wata a kaina. Na tuna matan da suka ba ni kwandunansu, na tuna saƙon Ɗan Tani. Amma gaskiya abin da ya fi ci mini rai shi ne, ladabin da na yi mata, mafi kyau da nake da shi, shi ta karanta a matsayin ha'inci. Ni Kulu, da ko ƙaya ban taɓa cusa wa mutum a ƙasan kwando ba.

Na juya. Na sauke gammon na ajiye mata kan tebur. Na zare mayafina na ɗaure a ƙugu, yadda nake yi in zan shiga hayaƙi. Na kama kwando mafi girma, na kife shi kan teburinta, ƙasa ta dawo sama. Na ɗauki tarwaɗa daga cikin na ƙasan na karya, ta yi ƙas, ƙamshin itacen ƙirya ya tashi. Sa'an nan na matsa gabanta, na tsaya tsaye, na buɗe tafukana biyu, baƙaƙe, duk tabon wuta, na dube ta cikin ido. Ban jira Saratu ba, na faɗa da Hausata:

"Ni ce mai shi. Ga ƙasan kwando, ga hannun da ya yi shi. Duba duk wanda kika ga dama."

Mama Ngozi ta dubi kifin, ta dubi hannuwana, ta daɗe tana kallon fuskata. Ban kau da kai ba. Sai ta sauke ƙafarta daga kan akwati, ta ce da Hausa tar, irin ta Zazzau:

"To, yanzu na ga mutum. Ina kika shiga tun ɗazu?"

Ashe a Zariya ta yi ƙuruciya. Duk gaisuwar da na jero ta ji, ba ta dai ga wanda ke yin ta ba. Ta miƙo hannu, na riƙe da ƙarfi yadda aka koya mini, har ta ce a hankali, ba kifi ba ne. Ta jawo kujera kusa da tata ta ce in zauna. Ta ce in gane, ita kaya daga nesa suke zo mata, ba za ta iya zazzage kowane kwando ba. Abin da take da shi kawai fuskar mai kaya. In an hana ta fuskar, da mi za ta yi ciniki? Na ce mu kuma a wurinmu wanda ka girmama shi kake sunkuyar wa. Ta ce ta sani, ta yi wa tsofaffin Zariya haka, amma su ba kifi take saye wurinsu ba.

Muka yi ciniki ido cikin ido, Alhaji Sule na gefe yana murmushi, ba a ko neme shi ba. Nan na gano wani abu: in ta faɗi kuɗi tana kallona, iyakarta ke nan. In ta faɗa tana gyara ɗauri, akwai saura. Ta kwashe kayan duka, ta ce duk lokacin da ruwa ya ba da kifi mu aiko ta hannun direban nan, in dai ni na ɗaure kwandon.

Yanzu ga wurin da masu gulma suka karkatar. Muna cikin haka mijinta ya shigo, ya ji labari, ya miƙo mini hannu shi ma. Ban karɓa ba. Ban kuma sunkuya ba. Na dafa ƙirjina da hannun dama, na dube shi, na yi masa murmushi, na gaishe shi. Matar ta yi masa magana da yarensu, sai shi ma ya janye hannu ya dafa ƙirji, har da ɗan rusunawa. Saratu na raye, Alhaji Sule na raye, a je a tambaye su. Direba ne ya hango daga nesa ana miƙa hannu, kafin labari ya iso Yelwa hannun mace ya zama na namiji.

Da za mu tafi ta lura da ƙafafuna. Na gaya mata abin da ya faru, ta yi dariya har da hawaye. Ta jawo wasu takalman roba kore daga ƙarƙashin tebur, nata na shiga taɓo, sun fi ƙafata girma. Ta ce:

"Sa waɗannan. Kuma kada ki ƙara cire takalmi a kasuwa, Hajiya. Kasuwa ba masallaci ba ce."

Da su na dawo. A shingen nan na kan iyaka kuwa, ƙasa na kalla har muka wuce, ba sai an gaya mini ba. Mata suka tarye mu tun daga tasha. Abin da kowace ta samu ba na faɗa ba ne, amma a ranar an ɗora tukunya a gidajen da na fi jin tsoro dominsu.

Ba a jima ba na bi ta gaban rumfar Ɗan Tani zan je bakin ruwa. Ya kira ni. Na je, da takalmina a ƙafa. Na tsaya, na gaishe shi gaisuwa cikakkiya, har iyali har gajiya, ban rage masa komai ba, sai dai ina kallonsa. Ranar na fara ganin idonsa. Ƙanana ne, kuma ba sa zama wuri ɗaya. Ya dubi sandarsa, ya dubi rufin rumfa, daga ƙarshe ya sauke su kan ƙafafuna.

"Kulu, takalman ga sun yi miki yawa."

"Sun yi yawa kam, Alhaji. Amma sun zauna."

Daga ranar ne maganar rashin kunyata ta ƙara ƙarfi, kun kuma san daga rumfar da ta fito. To ku ji. Har gobe in na shiga wurin kawuna, a ƙofa nake barin takalmi. In na kai wa Malam abinci durƙusawa nake, ba don an sa ni ba. In na haɗu da limaminmu ƙasa nake kallo. Waɗannan ba su taɓa juya mini kifi da sanda ba. Shi Malam, wanda ya fi kowa iko da maganar, da na gama ba shi labari ya dube ni sama da ƙasa ya ce na dawo yadda na tafi, sai dai na ƙara tsawo.

Yanzu 'yan matan da ke koyon banda wurina, ina koya musu hura wuta da juya kifi, ina kuma koya musu tsayuwa. In ce su fiddo hannu, su ɗaga kai, su san wa za su kalla, su san wa za su sunkuyar wa. Wasu iyayen sun janye 'ya'yansu. Allah ya raka taki gona ban ce ba, ƙofa dai a buɗe take in sun dawo. Takalman kore kuwa suna nan bakin ɗakina, ranar kasuwa nake sa su.

Ke da kike cewa na zubar da kunya, na tambaye ki tsakaninki da Allah: duk shekarun da kika yi kina tsugune gaban mai sayen kifinki, kanki a ƙasa, wa ya ci ribar wannan sunkuyon, ke ko shi?